Labbo da Yarinyar da Ta Biyo Shi

In ka shiga kasuwar Guci ka ce Labbo kake nema, za a tambaye ka wanne, don masu sunan suna da yawa a ƙasar. Amma in ka ce Labbon da aka tsare a kan iyaka saboda ƴarsa, sai ka jira a gama dariya kafin a nuna maka inda yake zaune.

Abin ya faru ne cikin rani, a shekarar saba'in da huɗu, lokacin da babban farin nan ya gama share garkuna. Wata kamiyo, babbar motar kaya, ta taso daga Magaria za ta Kano, maƙil da mutane da buhuna da ƴan awakin da suka rage. Shofer ɗinta Gaji ne, wani Babarbare mai faɗin baki wanda bai taɓa ganin Bafillace ya bar shi ya wuce ba tsokanar wasan Barebari da Fulani ba. Can baya, a kan wani buhun gawayi, ga Labbo zaune, dogo siriri, da malafa da sanda. Wata yarinya ƴar shekara shida tana riƙe da gefen rigarsa.

A lokacin yunwa ta watsa mutane, har ana jin labarin masu kwasar ƴaƴan wasu suna kai su aikatau birni. Don haka jandarmomin kan iyaka ba sa barin yaro ya wuce sai sun ji na wane ne. Aka sauke kowa, aka jera. Wani jandarma mai gashin baki ya iso kan Labbo.

"Kai mai malafa, sunanka?"

"Labbo."

"Yarinyar nan fa?"

Labbo ya dubi gabas, ya dubi yamma.

"Wacce?"

"Wadda ke riƙe da rigarka."

Ya sunkuyar da kai ya leƙa, kamar yanzu ne ya fara ganinta. "Af. Wannan? Biyo ni ta yi."

"Ƴarka ce?"

Labbo ya shiga gyaran igiyar malafa.

"To, yaya sunanta?"

"Tana da suna."

"Na san tana da suna, malam. Shi nake tambaya."

"Mutane sun san shi."

Ba taurin kai ba ne, kuma ba rashin gaskiya ba. Yarinyar ƴar farinsa ce. A gidan su Labbo uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya buɗe baki a gaban mutane ya ce nasa ne. Kowa yana wannan kunyar gwargwado, har Hausawan gari, amma Labbo ya riƙe ta kamar shi kaɗai aka bar wa gadinta. Tun da aka yaye yarinyar aka kai ta wurin yayarsa, wadda duk dangi ke kira Goggo, can ta girma. In ya je gaida Goggo, yakan kawo ɗan nono ko dabino ya ajiye a bakin ƙofa ya ce a ba yaran gida, alhali yaro ɗaya ne a gidan.

Jandarma ya tsuguna gaban yarinyar. "Ƴan mata, yaya sunanki?"

"Fadi."

"Madalla. Wane ne wannan?"

Fadi ta ɗaga kai ta dubi dogon mutumin da kyau, don kada ta yi kuskure.

"Labbo ne," in ji ta. "Yana zuwa gidanmu."

Shi ke nan. Aka ware Labbo gefe aka zaunar da shi gindin wata aduwa, aka ce kamiyo ba ta motsawa. Rana ta take. Mata suka fara salati, maza suka fara tsaki, awaki suna kuka. Gaji kuwa ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye, sai da ya ga abin zai ci masa yini sannan ya zo ba da shaida.

"Ranka ya daɗe, bawana ne, na san shi tun yana da shanu. Ƴarsa ce. Dubi kunnuwan mana, duk Damagaram wa ke da irinsu?"

"Ni ma ɗan gida ne, na san kunya," in ji jandarma. "Amma daga bakinsa nake son ji."

Labbo ya yi gumi har malafa ta jiƙe. Ya zana ƙasa da sanda, ya share, ya sake zanawa. Can ya yi gyaran murya, ya ce da aduwar, ba da jandarma ba:

"Uwarta dai matata ce."

Jandarma ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi. Ya ɗaga hannu aka wuce. Kafin kamiyo ta kai Kano maganar ta zama waƙa a bakin fasinja, kafin Gaji ya dawo Magaria ta riga shi isowa.

Abin da masu dariya ba su cika faɗa ba shi ne dalilin da ya sa yarinyar take kan buhun gawayin nan tun farko. Fari ya kashe wa Labbo shanu ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe a kan hanyar rijiya ta kwanta. Matarsa Habiba ta rasu cikin wannan shekarar, wajen haihuwar da ba ta zo da rai ba. Mijin Goggo ya ɗaura kaya zai bi sauran dabbobinsa kudu, bai san inda zai tsaya ba, kuma ya faɗa a fili cewa bakin da zai iya ciyarwa ya cika. Ana cikin haka Gaji ya zo da labarin aiki: wata gonar shanu a bayan Jos tana neman wanda ya san maruƙa. Yayar Gaji, Yakura, tana sayar da tuwo a bakin gonar, ita ta aiko.

Dattawan ruga suka ce ya bar yarinyar wurin wani daga cikin dangi, in ya samu ya aiko. Labbo ya zagaya dangin da ido, ya ga tukwanensu. Ranar tafiya ya tsaya a ƙofar Goggo ya ce, "Ni zan wuce." Ya yi taku kaɗan ya tsaya yana gyaran takalmi, ya sake takawa ya sake tsayawa, har sai da Goggo ta gane, ta ɗaura wa Fadi ƴan tsummokinta ta tura ta. Saboda haka da ya ce da jandarma biyo shi ta yi, bai yi ƙarya ba. Shi dai ya yi ta gyaran takalmi har ta biyo.

Jos ta karɓe su da sanyi da duwatsu. Labbo, wanda bai taɓa ganin dutsen da ya fi bukka tsawo ba, ya ga an ɗora wani kan wani har sama, ya ce lallai mutanen nan suna da lokaci. Shanun gonar kuwa sun fi ba shi mamaki. Baƙi da fari ne, manya, ba tozo, ba ƙahon kirki, ba sa sanin sunansu, kuma a kwano ake kawo musu abinci kamar baƙi. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce da Yakura, "Allah Ya ba su lafiya." A zatonsa ciwo ne ya cinye musu tozon.

Amma ɗan maraƙi ko na wace ƙasa ne ɗan maraƙi ne. Aka ba shi garken ƙanana da ɗaki guda a layin leburori. Kafin wata ya ƙare maruƙan sun san takunsa, in ya doso sai su taso gaba ɗaya suna tsotsar gefen rigarsa. Manajan gonar, Malam Wakili, mutum mai ɗan tumbi da agogo, ba ya yawan magana, amma in ya wuce garken yakan gyaɗa kai.

Aikin da ya fi ba Labbo wuya ba a garke yake ba. Ga mutumin da bai taɓa ɗaukar ƴarsa ba, yanzu shi ne wanka, shi ne wanki, shi ne dama kunu. Kunun farko da ya dama, Fadi ta sa ludayi ya tsaya a tsaye. Ta dube shi, ta dubi ludayin, ta ce, "Na Goggo yana zuba." Ya ce, "Na ƙasar nan haka yake."

Sai maganar kitso. Kan Fadi ya cukurkuɗe har Yakura ta tare shi a bakin gona, ludayin miya a hannu.

"Kai Ɗan Fillo, wannan kan yarinya ne ko sheƙar tsuntsu? Kawo ta in gyara."

Ya kai ta sau ɗaya, ya tsaya daga nesa yana kallon yadda yatsun Yakura ke tafiya. Ya ga matar nan tun asuba take kan wuta, ba zai riƙa ɗora mata wani aikin ba. Bayan kwana kaɗan masu tatsa suka fara lura da wani abu: duk saniyar da ta bi ta hannun Labbo sai a ga jelarta a kitse. Ta farko kamar igiyar ɗaurin jaki. Ta biyu ta ɗan fi. Aka yi makonni shanun gonar suna yawo da kitso iri iri a gindi, har Malam Wakili ya tsaya bayan wata ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ranar da Labbo ya gamsu da hannunsa, ya zaunar da Fadi a bayan ɗaki inda ba mai gani, ya ce, "Ke, kawo kan nan." Ta fito da kitso ya karkace kaɗan wajen hagu, tana tafe tana taɓa shi. Yakura ta duba ta ce, "Ba laifi. Saniyar da aka koya a kanta ta sha wuya, amma ba laifi."

Da damina zazzaɓi ya kama Fadi. Asibiti yana da nisa, kuma ba ta iya tafiya. Labbo ya ari zane wurin Yakura ya goya ta, sannan ya zumbula babbar rigarsa a kai don kada a gani. Haka ya ratsa layin leburori, doguwar riga da ƙullutu a baya, ƙafafu biyu ƙanana suna leƙowa ta ƙasa. Wani lebura ya ce, "Ikon Allah. Shanun gona ba tozo, ashe makiyayin ne ya tara." Labbo bai waiwaya ba. Ya kai ta, aka yi mata allura, ya goyo ta ya dawo.

Duk wannan, in an tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Ƴar wajen yayata ce." In zai kira ta, "Ke." In tana nesa, "Ke, ke!" Su kuwa yaran layin, da suke jin kowa yana da baba, suka tambayi Fadi ina nata. Yakura ce ta ji amsar, ta kawo wa Labbo har garke.

"Ka san abin da ta ce? Ta ce, 'Ni ba ni da baba, Labbo gare ni.'"

Labbo ya ci gaba da shafa wuyan wani ɗan maraƙi. Ya daɗe yana shafawa, har maraƙin ya gaji ya tafi.

Shekara ta zagayo. Yunwar arewa ba ta gama sakin mutane ba, kowane lebura dangi suka yi ta sauko masa, ɗan ƙane, ɗan yaya, ƙanin mata, har ɗakunan layin suka cika suka batse, rijiyar gona ta fara kasawa. Mai gonar ya aiko da umarni: daga ƙarshen wata, ba mai zama a layi sai ma'aikaci da matarsa da ƴaƴan cikinsa. Ɗan riƙo da ɗan dangi, kowa a mai da shi gida. Wanda bai yarda ba, ya bi su.

Labbo ya ji wannan a wurin tatsa. Gida ina? Goggo tun da ta yi kudu ba wanda ya ji ɗuriyarta. In ya bar aikin, ya koma Guci ya ba yarinyar me? In ya zauna, da bakinsa ya gaya wa duk gonar nan cewa ƴar yayarsa ce.

Yakura ta same shi da wata dabara. "Ni ba a layi nake ba, ba ruwan manaja da gidana. Kawo ta wurina. Ta taya ni wanke kwanuka, ta ci ta ƙoshi, kana ganinta kullum. Kai kuma ka riƙe kunyarka, tunda ita ce saniyar da ta rage maka."

Dabara ce mai kyau, Labbo ya san haka. Ba wanda zai rasa komai. Ya ce zai yi tunani, kuma a ransa ya riga ya yarda.

Ranar da aka sa, bayan tatsar safe, Malam Wakili ya sa aka fito da kujera gaban layi. Kowane lebura ya zo da mutanen ɗakinsa, manaja yana tambaya ɗaya ɗaya. Akwai Fulani ƴan uwan Labbo a wurin, har da dattawa biyu masu tatsa waɗanda yake jin nauyinsu. Gaji ma ya kawo kaya Jos a ranar, ya zo gaida yayarsa, ya samu wuri a kan katanga ya zauna kamar an gayyace shi kallon dambe.

Aka zo kan Labbo. Ya waiwaya bai ga Fadi ba. Sai ga ta ta fito daga ɗaki da ƙullin tsummokinta a ka, ta ɗaure shi tsaf yadda Goggo ta ɗaure mata a Guci. Ba wanda ya ce ta yi. Ta ji yara suna maganar, ta auna, ta san tana cikin waɗanda za a mayar. Ta zo ta tsaya gefensa, ba kuka ba fushi, ta ce:

"Labbo, yau kuma gidan wa za a kai ni?"

Ya dubi ƙullin. Ya ga har ɗan kwanon da take shan kunu ta sa a ciki, bakinsa ya leƙo.

"Malam Labbo," in ji Wakili, "an ce ƴar yayarka ce. Haka ne?"

Labbo ya laluba tsohon makaminsa. "Uwarta dai matata ce."

Daga kan katanga Gaji ya yi ihu, "Dabarar nan ta ci jandarma, ba ta cin manaja!"

Wakili bai yi dariya ba. "Mace takan shigo gidan miji da agola. Ba matarka na tambaye ka ba. Yarinyar nan, ta wace ce?"

Yakura ta matso, ta buɗe baki za ta ce a ba ta. Labbo ya ɗaga mata hannu. Ya cire malafa, abin da ba wanda ya taɓa gani a gonar. Ya dubi dattawan nan biyu, suka kau da kai don su sauƙaƙa masa. Sannan ya sa hannu ya sauke ƙullin daga kan yarinyar ya riƙe, ya yi magana da ƙarfi, irin muryar da yake kiran shanu da ita daga nesa, don bai san yadda ake faɗin abin a hankali ba:

"Tawa ce. Ni na haife ta. Ita ce ta fari, ita ce ta ƙarshe. Sunanta Fadi. Ba ta zuwa gidan kowa."

Maruƙa suka amsa daga garke. Wakili ya gyaɗa kai irin yadda yake gyaɗawa in ya wuce garken, ya ce, "Na gaba."

Fadi kuwa ta ɗaga kai tana kallonsa, baki buɗe.

"Labbo," in ji ta, "ashe ka san sunana?"

Nan layin ya fashe da dariya. Har dattawan sai da kafaɗunsu suka motsa. Yakura tana dariya tana share ido da bakin zane. Labbo ya mai da malafa, ya ja ta har kan hanci, ya ce, "Ke, je ki ba maruƙa ruwa." Ta tafi da gudu, tana tsalle, kitsonta ya karkace hagu.

Sun yi shekaru a gonar. Fadi ta shiga firamare a can, ta dawo tana karanta wa Labbo abin da aka rubuta a jikin buhunan dusa, shi kuma yana cewa ai ya sani. Ta koma kiransa Baba ba tare da an ce ta yi ba. Ranar farko ya yi kamar da wani take, daga baya ya riƙa amsawa da tari. Kunun nasa ya fara zuba. Abin da ya samu bai ci ba, bai sa sutura ba, ƴan karsana ya riƙa saye yana ba wani amininsa kiwo, masu tozo da ƙaho, irin na mutane. A shekarar saba'in da tara, da ƙasa ta yi kyau, ya koro su ya dawo Guci da ƴarsa a gaba. A kan iyaka ba wanda ya tambaye shi komai, don Fadi ce ta yi duk bayanin, har da na shanun.

Yanzu yana nan, ya sake aure, garkensa ya fara kama ƙasa. Fadi tana lakwal, wato makarantar boko, a Magaria, in ta zo hutu har yau shi ke duba mata kai ya ce kitson birni ba ya ƙarko. Matan ruga da suka ji labarin jelar shanu sukan aiko masa da yara don tsokana, shi kuma yakan zaunar da su ya kitse, ba ya karɓar ko goro. Sunan dai bai sake fita daga bakinsa ba. Ya koma "Ke" kamar ba a yi komai ba.

Ranar kasuwa in kamiyon Gaji ta tsaya a Guci, ba ya sauke kaya sai ya nemo shi a rumfar masu igiya.

"Ina bawana? Ina mijin uwar yarinya? Jama'a, ku matso ku ji. Labbo, don Allah yaya sunan yarinyar nan da ta biyo ka? Ni fa na ji da kunnena a Jos, har maruƙa sun shaida. Faɗa mana sau ɗaya a gida, mu ma mu samu albarka."

Labbo yakan gama murza igiyar da ke hannunsa tukuna, ya gwada ƙarfinta a gwiwa, sannan ya ɗago malafa kaɗan.

"Wannan kayan ƙasar waje ne, Babarbare. Can na faɗa, can na baro shi, ƴan duwan masu binciken kaya a kan iyaka ba sa bari a shigo da irinsa. Mai son ji, ga motarka nan, ya biya ka kai shi Jos."